Maigidana ya ga "ninki uku", ya ɗauke mini ƙwayar tazarar haihuwa

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 29, 'ya'yana uku. Na ƙarshen aiki aka yi mini aka ciro shi, yanzu watansa takwas. Likita ta ce kada in sake ɗaukar ciki sai ya shekara biyu, don haka da yardar maigidana na fara shan ƙwayar tazarar haihuwa wata biyu da suka wuce. Makon jiya ƙaninsa da ke jami'a ya turo masa wani bincike na Ingila ta WhatsApp, an ja layi a ƙarƙashin inda aka rubuta OR 2.97. Ya ce ma'anarsa ƙwayar tana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiya sau uku. Maƙwabciyata kuma ta ce ita abin da ta fahimta shi ne a cikin mata uku masu sha, ɗaya sai ta kamu. Maigida ya ɗauke kwalin, ya ce ba zai zuba ido in kashe kaina ba. Yau kwana shida ban sha ba. Ina tsoron ƙwayar, ina tsoron ciki, kuma ba na son jayayya da shi. Don Allah mene ne gaskiyar wannan lissafi?

Wata 'yar uwa daga Gusau

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya yaro, ya ƙara miki lafiya.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Kwana shida ba ki sha ba, to ki ɗauka cewa yanzu babu kariya a jikinki. Kafin ku ga ma'aikaciyar lafiya, ko dai ku yi amfani da kororon roba ko ku dakata. Idan kuma kun sadu a cikin kwanakin nan, ki faɗa mata ranar ba tare da kunya ba, domin da wannan za ta san abin yi. A cikin makon nan nake so ku je, kada ya wuce.

Game da maigidanki, ina roƙonki kada ki riƙe shi a zuci. Mutum ne da ya ga matarsa ta shiga ɗakin tiyata wata takwas da suka wuce, sai aka nuna masa takarda da ke cewa abin da take haɗiya kullum yana ninka mata wani haɗari. Tsoro ne ya sa shi ɗauke kwalin, kuma tsoron na ƙauna ne. Ƙaninsa ma bai yi ƙarya ba. Binciken na gaske ne, an buga shi a mujallar likitoci ta BMJ a 2015, kuma lambar da ya ja wa layi haka take. Abin da ya rage shi ne tambaya ɗaya da babu wanda ya yi a gidanku: ninki uku na me?

Idan na ce miki kuɗin wance ya ninka sau uku, ba ki san ko ta yi arziki ba sai kin ji nawa take da shi tun farko. Mai naira 100 ta koma mai 300. Mai miliyan ɗaya ta koma mai miliyan uku. Dukansu ninki uku ne, amma tsakaninsu akwai tafiya. Haka yake a maganar cuta. Likitoci suna da awo iri biyu. Akwai ainihin haɗari, wato a cikin mutum kaza, nawa ne abin ya samu. Akwai kuma ninkin haɗari, wanda suke taƙaitawa da RR, wato idan an ɗora haɗarin wannan rukuni a kan na wancan, sau nawa ya fi shi. Na biyun shi ne yake yawo a waya da kanun labarai domin ya fi tayar da hankali, alhali ba ya faɗa miki komai sai an haɗa shi da na farko.

To ga na farkon. Hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta tattara binciken da aka yi ta fitar da alƙaluma a 2013. Ki ƙaddara an tara mata 10,000 masu shekarun haihuwa a filin idi, babu mai ciki a cikinsu, babu mai shan ƙwaya, aka bi su shekara guda. Kimanin 2 ne jini zai daskare musu a jijiya. Idan duka dubu goman suna shan ƙwayar da ke da sinadarin levonorgestrel, sai adadin ya koma 5 zuwa 7. Idan irin mai desogestrel ce, ko gestodene, ko drospirenone, ya kan kai 9 zuwa 12. Daga 2 zuwa 6, ninki uku ne cif, yadda ƙanin mijinki ya ce. Amma ki sake duba filin: a cikin mata 10,000, sama da 9,990 sun gama shekarar babu abin da ya same su. Maganar maƙwabciyarki ta ɗaya cikin uku, da haka ne da mata sama da 3,300 za a kwasa daga filin nan. Ki gaya mata da lalama, domin na tabbata ba ke kaɗai ta faɗa wa ba.

Ba na son ki ji kamar ina raina waɗancan shidan. Daskarewar jini ciwo ne na gaske. Gudan jinin yakan fara a jijiyar ƙafa, idan ya ɓalle ya tafi huhu yana iya kisa. An kuma san dalilinsa: sinadarin estrogen da ke cikin ƙwayar yana sa hanta ta ƙara yawan abubuwan da ke daskarar da jini. Kowace ɗaya a cikin shidan 'yar wani ce, matar wani ce. Shi ya sa zan dawo kan yadda za a gane ko kina cikin waɗanda ƙwayar ba ta dace da su ba.

Yanzu ga OR ɗin da aka ja wa layi, tunda shi kika tambaya. Ɗan'uwan RR ne, amma lissafinsu ya bambanta, kuma ko a cikin ma'aikatan lafiya akwai masu rikita su. Zan ba ki misali na ƙirƙira don a gane. A ce yara 100 suna kwana babu gidan sauro, da damina 60 suka yi zazzaɓin cizon sauro. Wasu yara 100 suna kwana a gidan sauro, 30 suka yi. Haɗarin na farko 60 cikin 100, na biyu 30 cikin 100. Ninkin haɗari sau biyu ke nan, kowa ya gane wannan.

Shi kuwa ɗaya lissafin, wato OR, wanda zan kira ma'aunin rinjaye, ba ya cewa "nawa cikin duka". Cewa yake yi "masu ciwo nawa a gaban marasa ciwo nawa", kamar a raba yaran gida biyu a tsayar da su suna fuskantar juna. A rukunin farko masu zazzaɓi 60 ne a gaban masu lafiya 40, wato ɗaya da rabi ga kowane mai lafiya ɗaya. A rukuni na biyu 30 ne a gaban 70, wato ƙasa da rabi kaɗan, 0.43. Idan kika raba 1.5 da 0.43, sai ki sami 3.5. Yara ɗaya, damina ɗaya, amma RR ya ce 2, OR ya ce 3.5. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, tambayoyi biyu suka amsa. Kuskuren yana zuwa ne idan wani ya ɗauki 3.5 ya je yana cewa rashin gidan sauro yana ninka zazzaɓi sau uku da rabi. Ya zuzuta abin.

Ki maido lissafin kan matan filin idi. Marasa sha: 2 a gaban 9,998. Masu sha: 6 a gaban 9,994. Tunda 9,998 da 9,994 kusan duk 10,000 ne, amsar tana fitowa uku, daidai da RR. Ƙa'idar ke nan: idan cuta ba ta cika faruwa ba, OR da RR suna tafiya tare, ana iya karanta ɗaya a madadin ɗaya. Idan cuta ta yawaita, kamar zazzaɓin damina, sai OR ya yi nisa, ya nuna abin ya fi yadda yake girma. Masana sukan fara taka-tsantsan da zarar abin ya wuce kashi 10 cikin 100. Saboda haka a wannan karon ƙanin mijinki ya yi daidai da ya karanta 2.97 a matsayin kusan ninki uku, domin daskarewar jini a mata masu ƙuruciya abu ne da ba kasafai ba. Ki faɗa masa haka, ya cancanci a yaba masa. Sai dai ya kiyaye, ba kullum karatun yake yin daidai ba.

An taɓa yin irin wannan tuntuɓe a Amurka a 1999. Wani bincike a mujallar New England Journal of Medicine ya nuna wa likitoci 720 bidiyon marasa lafiya masu ciwon ƙirji, aka tambaye su wa za su tura gwajin jijiyoyin zuciya. Aka sami OR 0.6 ga baƙaƙen fata idan an kwatanta da farare, kafofin labarai suka ɗauka suka ce damar tura baƙaƙe ta yi ƙasa da kashi 40 cikin 100. Da aka koma ga ainihin alƙaluman, an tura baƙaƙe kashi 84.7, farare kashi 90.6. Ninkin haɗarin 0.93 ne, wato damar ta ragu da kusan kashi 7 cikin 100 kawai. Bambancin yana nan kuma abin damuwa ne, amma tunda kusan kowa ake turawa, OR ya kumbura shi. Idan manyan jaridu sun faɗa wannan rami, ba abin mamaki ba ne ɗalibi ko maigida ya faɗa.

Za ki iya cewa, to me ya sa masu bincike ba za su bar wannan OR mai rikitarwa su tsaya kan RR ba? Dole ce ta sa. Idan ciwo yana kama mutum 2 cikin 10,000 a shekara, kafin ki tara isassun masu ciwon sai kin bi mata dubu ɗaruruwa shekara da shekaru. Sai aka samo gajeriyar hanya: a fara daga waɗanda ciwon ya riga ya kama, a nemo sa'o'insu da bai kama ba, a waiwaya baya a ga su wa suka sha me. Haka binciken da aka turo wa mijinki ya yi. Sun ɗauko mata sama da 10,000 da jini ya daskare musu daga bayanan asibitocin Birtaniya, suka kwatanta su da wasu sama da 40,000 da bai daskare musu ba. A irin wannan tsari mai binciken ne da kansa ya zaɓi yawan masu ciwo da marasa ciwo, don haka ba zai iya cewa "kaza cikin kaza ke kamuwa" kai tsaye ba. Abin da zai iya lissafawa shi ne rinjaye.

Kuma hanya ce mai albarka. Da ita Richard Doll da Bradford Hill suka nuna alaƙar taba sigari da sankarar huhu a 1950 a asibitocin Landan. A cikin maza 649 masu sankarar, 2 kacal ne ba sa shan taba. A cikin maza 649 marasa ita, 27 ne ba sa sha. Idan aka buga lissafin rinjaye, yana ba da kusan 14. A 1951 wani masanin ƙididdiga, Jerome Cornfield, ya nuna cewa idan cuta ba ta da yawa a cikin jama'a, wannan lamba tana tsayawa a madadin ninkin haɗari. Ina kawo wannan ne don kada ki fita daga nan da tunanin cewa bincike yaudara ne. Ki kuma lura da girman lambar: 14 a kan ciwon da yawanci kisa yake, ga abin da ba ya kare mai shansa daga komai. Wannan daban, naki daban.

Akwai abu biyu a cikin takardar da zan so maigida ya sake dubawa. Kusa da 2.97 zai ga an rubuta 2.78 zuwa 3.17. Wannan tazarar ita ce iyakar da masu binciken suke da ƙwarin gwiwar cewa gaskiyar tana ciki. Lamba 1 tana nufin babu bambanci tsakanin masu sha da marasa sha, don haka idan tazara ta haɗa da 1, kamar a ce 0.8 zuwa 1.9, binciken bai tabbatar da komai ba. A nan tazarar matsattsiya ce kuma ta yi nesa da 1, ma'ana ƙarin haɗarin na gaske ne. Abu na biyu ya fi amfani gare ki: 2.97 na dukan ire-iren ƙwayar ne a haɗe. Da suka rarraba, mai levonorgestrel ta ba da 2.38, mai desogestrel 4.28. Su da kansu sun juya shi zuwa ainihin haɗari, suka ce ƙarin mata 6 a cikin 10,000 a shekara ga ta farko, 14 ga ta biyu. Ki roƙi maigida ya fito da kwalin ku karanta sunan sinadarin da ke jikinsa.

Sai kuma ɓangaren da ya fi damuna, wanda saƙon WhatsApp bai zo da shi ba. Kwatancen binciken tsakanin mai sha ne da wadda ba ta sha kuma ba ta da ciki. Amma ke da kike da aure, idan kin daina ba ki maye gurbinta da komai ba, ba za ki daɗe a rukunin "ba ta da ciki" ba. Shi kansa ciki yana daskarar da jini. Alƙaluman da hukumar magunguna ta Amurka take sa wa a takardar cikin kwali sun nuna cewa, a ma'aunin mata 10,000 a shekara, masu ciki 5 zuwa 20 ne ke kamuwa, masu jego kuwa a makonni 12 na farko 40 zuwa 65. Haihuwa ta hanyar aiki tana ƙara shi. Wato haɗarin da maigida yake gudar miki ya fi yawa a hanyar da ya tura ki ba da saninsa ba. Ana gudun gara a faɗa gidan zago. Ga kuma ɗinkin mahaifarki da ke buƙatar lokaci ya yi ƙwari, wanda shi ne dalilin da likita ta ce shekara biyu, kuma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ma wata 24 ce bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mata 512 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. A ma'aunin filin idinmu, kimanin 51 ke nan cikin 10,000, kuma wannan rasuwa ce, alhali yawancin waɗanda jini ya daskare musu suna warkewa idan an yi magani da wuri.

Abin da ya faru a gidanku ya taɓa faruwa ga ƙasa guda. A watan Oktoba na 1995 kwamitin da ke sa ido kan magunguna a Birtaniya ya sanar cewa sababbin ƙwayoyin tazara suna ninka haɗarin daskarewar jini sau biyu a kan tsofaffin. Labari ya cika gari, mata da yawa suka watsar da ƙwayar a tsakiyar kwali. Ninki biyun nan kuwa daga mace 1 cikin 7,000 ne zuwa 2 cikin 7,000. A shekarar da ta biyo baya an ƙiyasta ƙarin zubar da ciki kusan 13,000 a Ingila da Wales, ban da cikin da aka haifa ba a shirya ba. Duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya ɓaci, domin da an faɗa wa matan nan "ɗaya cikin 7,000 ya koma biyu", da yawancinsu sun tsaya sun tambayi likita tukuna.

Duk da haka ba zan ce miki ki koma kan ƙwayar daga nan inda nake ba. Alƙaluman nan matsakaici ne na dubban mata, yawanci a Turai, ke kuma mutum ɗaya ce mai jikinta da tarihinta. Ninki uku yana hawa ne a kan haɗarin da kike da shi tun asali. Idan naki ƙarami ne, ninkinsa ƙarami ne. Idan kuwa dama yana da girma, ninki uku ya zama babban abu. Wadda jini ya taɓa daskare mata a ƙafa ko huhu, wadda hawan jininta ya kai 160 bisa 100, mai ciwon ɓarin kai irin wanda ke zuwa da walƙiya ko dishi-dishi a ido kafin ya sauka, mai shan taba da ta kai shekara 35, duk waɗannan ƙwaya mai estrogen ba tasu ba ce. Ƙiba mai yawa tana ƙara haɗarin, haka idan mahaifiya, mahaifi ko wanda kuke ciki ɗaya ya taɓa samun ciwon yana da ƙuruciya. Ba ki gaya mini ko an auna jininki kafin a ba ki ba, ko kuwa a kemis aka saya. Idan ba a auna ba, a auna yanzu. Ki kuma sani haɗarin ya fi yawa a shekarar farko ta sha, kuma idan aka tsaya mako huɗu ko fiye sannan aka koma, kamar an fara daga farko ne. Sha a daina, sha a daina, ya fi kowanne muni, shi ya sa nake so a yanke shawara ɗaya da wuri.

Idan bayan duk wannan zuciyar maigida ba ta kwanta da ita ba, ko taki, babu dalilin jayayya, domin ƙofa ba ɗaya ba ce. Akwai ƙaramar ƙwaya marar estrogen wadda ake ba masu shayarwa. Akwai ashanar da ake sa wa a dantse, mai shekara uku zuwa biyar, a cire ta duk ranar da kuka so. Akwai robar mahaifa, wadda mai jan ƙarfe a jikinta babu sinadarin komai. Waɗannan ba su da estrogen ɗin da ake magana a kai. Kowace tana da nata ɗan laulayin, kamar rikicewar al'ada ko ƙaruwar jini, ma'aikaciyar za ta yi muku bayani.

Yadda za ki tunkare shi kuwa, kada ki fara da "ka yi kuskure". Bayan ya ci abinci ya huta, ki gode masa da ya damu da ranki. Sannan ki ce kin ji ninki ukun gaskiya ne, amma kina so ku je tare ku tambaya: cikin mata nawa, kuma idan aka kwatanta da ciki a kan ɗinkin wata takwas fa? Ki ba shi wannan amsa ya karanta da kansa, ya tura wa ƙaninsa ma. Maza da yawa idan suka ji daga bakin likita sukan fi natsuwa, kuma shi ma yana da haƙƙin a amsa masa tambayoyinsa.

Ko kin koma kan ƙwayar ko ba ki koma ba, ki riƙe waɗannan alamomi, shi ma ya riƙe: ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo da zafi, musamman sha-raɓa, numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ciwon ƙirji ko tari da jini, matsanancin ciwon kai da ba ki saba ba, ko ɓari ɗaya na jiki ya saki, ko magana ta karkace. Idan ɗaya ya faru, asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne, kuma ki faɗa musu abin da kike sha.

Ranar da za ku je ki tafi da kwalin, da katinki na asibitin da aka yi miki aiki, da ranar da kika ga al'adarki ta ƙarshe. Ki gaishe mini da maigidan, kuma ki rubuto ki gaya mini wadda kuka zaɓa.